Amsa ga tambayar da aka yi kan Abacha

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ɗan'uwanmu ya tambaya me ya sa da zarar an ambaci Janar Sani Abacha sai mutane su rabu biyu, ya kuma ce a ganinsa 'yan Kudu ne kawai ke ɓata sunan marigayin. Malam, a nan ban yarda da kai ba.

Masu yabonsa ba ƙarya suke yi ba. Duk wanda ya yi wayo tsakanin 1993 da 1998 ya ga magunguna masu tambarin PTF (asusun rarar kuɗin man fetur da Abacha ya kafa) a asibitocin gwamnati, ya ga titunan da aka gyara, ya sayi litar fetur naira 11 a farashin gwamnati, kuma mutanen Zamfara da Gombe da Nasarawa ba za su manta cewa shi ya ba su jiha a 1996 ba. Mutumin da yau yake kasa sayen mudun shinkafa, idan ya yi kewar wancan zamani, bai kamata a zage shi ba.

Sai dai waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu a hannunsa ba 'yan Kudu irin su Abiola da Ken Saro-Wiwa kaɗai ba ne. Shehu Musa 'Yar'adua ɗan Katsina ne, kuma a kurkukun Abakaliki ya rasu a Disambar 1997. Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1996 aka tuɓe shi, aka kai shi jihar Taraba aka tsare. Abin da ke damuna shi ne, mu a Arewa mun fi saurin tuna PTF a kan tuna Abakaliki, alhali duka biyun namu ne.

Batun kuɗi kuwa, nan ne siyasa ta shigo. A 2008 Janar Buhari, wanda ya shugabanci PTF, ya ce Abacha bai saci kuɗi ba, amma gwamnatin Buharin ce ta karɓi kimanin dala miliyan 322 na kuɗin da Abacha ya ɓoye a waje daga Suwizalan, sannan a 2020 ta karɓi wajen dala miliyan 311 daga tsibirin Jersey da Amurka, aka ce za a zuba wani kaso a aikin titin Abuja zuwa Kano. Da wuya ɗan siyasa ya tsaya a Kano ya faɗi wannan ƙarara, saboda tsoron ƙuri'a, shi ya sa matasa suke tashi da rabin labari.

Tun bayan juyin mulkin Nijar na 2023 nake jin samarin da ba a haifa ba a zamanin Abacha suna cewa soja ne mafita. Ya kamata su sani cewa a Afrilun 1998 jam'iyyu biyar ne a ƙasar nan, kuma dukkansu shi kaɗai suka tsayar takarar shugaban ƙasa, yana sanye da kaki. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalam.