Me Ya Sa Sunaye Masu Ɗ da Ƙ Suke Karkatar da Rahotona?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne, kuma da Perl, wani harshen rubuta shirin kwamfuta, nake fitar da sakamakon jarrabawar ɗalibaina, suna a hagu, maki a dama. Komai yakan jeru daidai, amma da zarar an zo kan suna irin Ɗanladi ko Sadiƙu, sai makin ya goce daga sahun 'yan'uwansa. Ina matsalar take? Daga wani malami a Katsina.

Amsa: Malam, barka kadai. Ka zaɓi harshen da ya dace da wannan aiki, domin tun lokacin da Larry Wall ya fitar da Perl a shekarar 1987, tsara rahoto yana cikin manyan dalilan ƙirƙiro shi. Da umarnin format ake zana siffar layi, sannan write ya cika ta da bayanai. Idan ka rubuta @<<<<<<<<<, ka ware gurbi goma ke nan, har da alamar @ ɗin kanta, rubutu kuma zai jingina hagu; @>>> yana tura shi dama, @##.## kuwa na lambobi ne masu ɗigo.

Gocewar da kake gani daga wajen ƙidaya ta samo asali. A UTF-8, wato tsarin adana haruffa a kwamfuta, harafi irin a ko b bayit (ma'aunin girman bayanai) ɗaya yake ci, amma ɓ da ɗ da ƙ kowannensu biyu yake ci. Idan ba ka sanar da Perl cewa fayil ɗinka UTF-8 ne ba, bayit zai riƙa ƙirgawa maimakon haruffa, sai ya ɗauki Ɗanladi mai harafi bakwai a matsayin takwas, ya rage fili guda a cikon da yake yi, makin kuma ya matso hagu.

Maganin bai fi layi uku ba. Ka sa use utf8; a saman shirin saboda Hausar da ka rubuta a cikinsa, ka buɗe fayil ɗin sunayen da <:encoding(UTF-8), sannan ka yi amfani da umarnin binmode ka ɗora STDOUT, wato mafitar da rahoton yake bi, a kan wannan tsarin. Na biyun ne mutane suka fi mantawa, alhali a lamarinka shi ne ginshiƙi, tunda daga fayil sunayen suke fitowa.

Ka kuma lura cewa sunan da ya zarce gurbinsa yanke shi Perl yake yi ba tare da gargaɗi ba, saboda haka ka auna gurbin da suna mafi tsawo a ajin. Wajen bugawa a takarda kuma, ka zaɓi salon rubutun da haruffansa suke da faɗi ɗaya, kamar Courier New, in ba haka ba jerin zai sake wargajewa.