Kun Tambaya: Gilasan tsohuwar kyamarata za su hau ta dijital?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sama da shekara 20 ina ɗaukar hoton biki da suna da Canon AE-1. Yanzu fim ya yi tsada, wurin wanki sai an sha nema, masu biki kuma so suke su ga hotonsu a WhatsApp kafin a watse. Ina da gilashi biyu, 50mm da 135mm, da tsohuwar filasha Vivitar 283. In na sayi ta dijital za su yi mini aiki, ko in haƙura da su? Daga wani mai hoto, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka rabu da su, amma ka buɗe ido wajen saye. Bakin gilasan AE-1, wato inda suke ɗauruwa a jikin kyamara, shi ake kira FD, kuma Canon ta sauya baki tun 1987 da ta fito da jerin kyamarorinta na EOS. Kamfani ɗaya ne, amma ba sa hawa Canon ta dijital mai madubi sai da adafta mai ɗan gilashi a ciki, wadda ke dusashe hoto. Ka nemi kyamara marar madubi, irin Sony a6000 ko Fujifilm X. A nan adaftar zoben ƙarfe ce kawai. Saita hoto da ƙofar haske da hannu za ka yi, abin da yatsunka suka riga suka haddace. In za ka Computer Village a Ikeja, ka tafi da gilashinka, ka ɗaura, ka ɗauki wani bene mai nisa. In bai fito tas ba, adaftar ce ba ta da kyau, kada ka biya.

Sensar waɗannan kyamarori, wato abin da ke kama hoto a madadin fim, ta fi fim ƙanƙanta, don haka ka ƙara wa lambar gilashi rabinta: 50mm zai koma kamar 75mm, 135mm kuwa kusan 200mm. A ɗakin amarya za ka ja baya har ka jingina da bango, ƙawaye ba su gama shiga ba. Kada ka raina ɗan gilashin da ke zuwa da kyamarar, 16-50mm ko 18-55mm, shi ne na hoton taro.

Inda tsofaffin hannu suka fi cin tuntuɓe shi ne haske. Fim mai nagatif yana da haƙuri, ko ka zarce da mataki ɗaya ko biyu (kowane mataki ninki biyu ne na haske), mai wanki zai rufa maka asiri. Sensa ba ta san wannan ba. Ango ya tsaya cikin rana da farar shadda, sai ka tarar aikin wuyan babbar rigar ya ɓace, fari fat kamar takarda, kuma babu kwamfutar da za ta dawo da zaren. Ka kunna alamar da ke ƙyaftawa a inda fari ya ƙone, ka rage haske da kashi biyu cikin uku na mataki, ka sake ɗauka har ta daina. Fuska za ta ɗan yi duhu, wannan mai gyaruwa ne in ka sa kyamarar tana ajiye kowane hoto iri biyu, RAW (ɗanyen hoto) da JPEG (gamammen hoto), tare: JPEG na masu gaggawa, RAW na gyara. Kuma kada hasken allon baya ya ruɗe ka, cikin rana ƙarya yake yi.

Filashar ce abin tsoro. Wasu tsofaffin Vivitar 283 suna tura wutar da ta haura bolt 200 ta ƙafarsu, kuma tana iya ƙona kyamarar dijital. Kai ta wurin mai gyaran rediyo, a kunna ta har fitilarta ta kama, ya sa mita a DC tsakanin ƙusar tsakiya da ƙarfen gefe na ƙafar filashar. In ta wuce bolt 6, kada ka ɗora ta sai da adaftar rage wuta.

Tambaya: Na gaji kyamarar mahaifina, sai na ga wani abu kamar saƙar gizo cikin gilashin. Na goge bai fita ba. Daga wata ɗaliba, Idi-Araba.

Amsa: Malama, fumfuna ce, danshin Legas ke haifar da ita, kuma daga ciki take. Sai mai gyara ya kwance gilashin, in ta daɗe kuwa takan bar tabo. Ki fitar da kyamarar daga jakar fata, ki cire batir, ki sa ta cikin roba mai rufuwa ruf tare da ƙullin silika huɗu ko biyar, irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi. Da damina ki riƙa sauya su duk wata.