A-kori-kura mai taya ɗaya-ɗaya a baya za ta iya jan tirelar zama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston, jihar Texas, ina da Ford F-350 mai injin dizal, taya ɗaya-ɗaya a baya. Ni da iyalina muna son sayen tirelar zama, wato gidan tafi-da-gidanka da mota ke ja, irin wadda gabanta ke hawa kan bodin mota. Nauyinta ba kaya laba 11,500 ne, iyakar da aka yarda ta kai kuma 14,000. Dillali ya ce motata za ta ja fiye da haka ba tare da gumi ba, amma wani abokina ya dage sai na koma mai taya bibbiyu. Wa zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Dillalinka bai yi ƙarya ba, sai dai ya amsa tambayar da ba ita ce ta dame ka ba. Ja kam, motarka za ta ja. Abin dubawa shi ne ɗauka.

Wannan tirelar da turawa ke kira "fifth wheel" haɗinta iri ɗaya ne da na manyan tireloli da muka saba gani a hanyar Kano zuwa Legas: faranti a bayan kan mota, ƙusa a ƙarƙashin gaban tirela, ƙusar ta shige farantin ta kulle. A a-kori-kura, farantin yana zama cikin bodi, daidai saman aksil na baya. Shi ya sa ba ta cika lilo a hanya ba kamar wadda ake ɗaurawa a bamba. Amma kuɗin wannan natsuwar shi ne kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyin tirelar, wani lokaci har 25, yana zaune ne a gadon bayan motarka, a kan tayoyi biyu kacal.

Ka manta da laba 11,500 ɗin nan. Nauyin da ta bar masana'anta ne, ba ruwa a tanki, ba tukunyar gas, ba buhun shinkafa, ba tukwanen uwargida. Ruwa kaɗai, galan guda ya haura laba 8. Ka yi lissafi da 14,000, wato kimanin kilo 6,350. Kashi 20 cikin ɗari ya zama 2,800. Ƙara farantin da ƙarafunansa, a ce 200. Ƙara kai da maiɗakinka da yara, a ce 600. Ƙara akwatin kayan aiki da tarkacen da ba a rasawa a mota, wani 200. Ka kai 3,800.

Yanzu ka buɗe ƙofar direba. A jikin ginshiƙin akwai takarda manne mai bayanin taya da lodi, wadda ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar, taka ɗin nan, za ta ɗauka. Wannan lambar ce alƙali, ba ta cikin takardar talla ba, domin ta talla yawanci ta motar da ba a ƙawata ba ce, mai ƙofa biyu da injin fetur. Injin dizal kansa ya fi na fetur nauyi da ɗaruruwan laba, kuma daga abin da za ka ɗauka ake cire su. F-350 irin taka takan faɗa wajen 3,500 zuwa 4,000 da ɗoriya. Idan taka ta ce 4,200, bismillah. Idan ta ce 3,600, wannan tirelar ta fi ƙarfinta, ko da kuwa injin bai ko yi nishi ba. Da F-250 ce ko Ram 2500 mai dizal, waɗanda ba su kai taka ɗauka ba, da tun farko na ce ka nemi ƙaramar tirela.

Ka kuma karanta gefen tayarka. Taya mai lamba LT275/70R18 ta ajin E, alal misali, laba 3,640 take ɗauka idan an cika ta da iska zuwa 80 a ma'aunin iskar taya (PSI). Biyu sun zama 7,280, kuma a cikin wannan har da nauyin bayan motar kanta, wanda ya haura 3,000 tun ba a ɗora komai ba. Taya mai lodi fiye da ƙima a zafin Texas na watan Agusta, ba sai na faɗa maka ƙarshenta ba.

Abokinka yana da gaskiyarsa. Mai taya bibbiyu ta fi ɗauka nesa ba kusa ba, ta fi tsayuwa idan iska ta bugo daga gefe ko babbar mota ta wuce ka, kuma idan taya ɗaya ta fashe a baya, akwai 'yar'uwarta ta riƙe. Sai dai faɗinta ya kai ƙafa 8, fakin a kanti ya zama aiki, tayoyi shida za ka riƙa saya. Mutumin da zai yi tafiya sau huɗu ko biyar a shekara, sauran kwanaki yana zuwa aiki da kai yara makaranta, ni ban ga dalilin da zai ɗora wa kansa wannan ba muddin lissafi ya fita da rara. Idan kuwa idonka na kan tirela mai laba 16,000 ko sama, ko za ku tare a cikinta dindindin, to bi abokinka.

Kafin ka sa hannu, ka cika tanki, ka kwashi iyali, ku hau sikelin manyan motoci irin na kamfanin awo na CAT da ke gidajen man direbobin manyan motoci. Zai ba ka nauyin gaba da na baya daban-daban, da 'yan daloli kaɗan.

Tambaya: Motata ta gaza da laba 400. Idan na sa jakar iska a bayanta, irin wadda ake ɗaurawa saman aksil don tallafa wa lodi, shi ke nan? Daga wata 'yar'uwa a Ohio.

Amsa: A'a, Hajiya. Jakar iska tana ɗaga bayan mota ne ya daina zama, fitilu su daina haska sama. Ba ta ƙara wa aksil, taya ko burki ƙarfin komai, lambar da ke jikin ƙofa kuma tana nan yadda take.

Tambaya: Bodin motata gajere ne, ƙafa 6 da rabi. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, a kwana mai tsanani. Gaban tirela na iya dukan gilashin baya, musamman lokacin ribas. Ka sayi faranti mai zamewa baya, kuma idan da hali wanda ke zamewa da kansa, don na hannu sai ka sauko ka saki, kuma ranar da ka manta ita ce ranar da gilashin zai tafi.