Tambaya da Amsa: A-kori-kura mai batir ta cika alkawarin da aka yi mana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni mazaunin jihar Texas ne a Amurka, sana'ata gyaran gidaje. Kullum ina loda kayan aiki a bayan tsohuwar a-kori-kurata mai shan fetur, kuma sau biyu ko uku a wata nakan ja tirela zuwa wani gari mai nisan kilomita kusan 300. An daɗe ana kururuta mana a-kori-kura masu amfani da lantarki, wai sun fi ƙarfi, sun fi sauƙin kashe kuɗi, har gida suke ba wa wuta. Gaskiya ne ko romon baka? In saya? Sannan yayana da ke Kano ya ce idan tana da kyau in turo masa ɗaya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa sana'a albarka. Motocin nan sun cika rabin alkawari, amma rabin da suka kasa cikawa ya faɗo daidai kan tirelar nan taka, don haka zan ɗan tsawaita a wurin.

Mu fara da abin da aka ce mana. A watan Nuwamba na 2019 Elon Musk ya fito da Cybertruck ta kamfanin Tesla a gaban taron jama'a a California. Ya ce mafi arha za a sayar da ita dala 39,900, babbar kuma za ta yi tafiyar mil 500, wato kilomita 800, da caji ɗaya, ta ja kaya mai nauyin kilo 6,300. A wajen taron ne aka jefi gilashin ƙofar gaba da ƙwallon ƙarfe don a nuna ba ya fashewa, sai ya tsattsage. Aka jefi na baya, shi ma ya bi sahu. Mutane sun fi tuna wannan, ni kuwa alƙaluman ne suka tsaya min a rai, domin a kansu ne dubban mutane suka ajiye kuɗin kafin alƙalami. An ce motar za ta fito a ƙarshen 2021, sai ranar 30 ga Nuwamba, 2023 aka fara miƙa ta ga masu saye. Waɗanda suka karɓi na farko sun biya dala 100,000 ko fiye, mai inji biyu ta yau da kullum kuma ta zauna a wajen dala 80,000. Nisan da take ci bai wuce kilomita 550 ba, nauyin da take ja kilo 5,000. Tesla ya ce zai cike giɓin nisan da wani ƙarin batir da za a ɗora a bayan motar kan dala 16,000, batirin da zai cinye wani ɓangare na wurin loda kaya, daga baya a 2025 aka soke shi. A 2025 ɗin ne kuma aka kira motoci kusan 46,000 su koma gyara saboda wani falle na ƙarfe a gefen rufi da yake iya ɓallewa ana cikin gudu.

Ford ya fi kamanta gaskiya, amma shi ma farashi ya kuɓuce masa. Ya nuna a-kori-kurarsa mai batir, F-150 Lightning, a watan Mayu na 2021 kan dala 39,974, mutane kusan 200,000 suka yi rajista. A ƙarshen watan Maris na 2023 mafi arha a cikinsu ta kusa dala 60,000. An sassauto daga baya, sai dai kasuwa ba ta taɓa kai abin da aka yi tsammani ba: a 2024 an sayar da Lightning dubu talatin da 'yan kai, alhali dangin F-Series gaba ɗaya, wato manyan a-kori-kurar Ford, sun haura 700,000. Rangwamen haraji na dala 7,500 da gwamnatin Amurka ke ba masu sayen motar lantarki ya ƙare a ƙarshen Satumbar 2025, a watan Disamba kuma Ford ya sanar da cewa ya daina ƙera Lightning mai batir zalla. Kamfanin Ram ya soke tasa tun kafin ta shiga kasuwa. Kamfanin Lordstown, wanda aka kafa musamman don wannan harka, ya durƙushe a 2023.

To me ya sa? Masu ƙera motocin nan ba 'yan koyo ba ne. Abin da ya kayar da su lissafi ne mai sauƙi, kuma in ka gane shi ba wanda zai sake ruɗa ka da talla.

Babban batirin Lightning yana ɗaukar wuta kilowat-awa 131. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kusa kilowat-awa 9. In ka raba, za ka ga batirin nan mai tsadar gaske daidai yake da tankin da ke cin lita 15 kacal. Abin da ya cece shi shi ne injin lantarki ba ya ɓarna. Injin fetur yana zubar da wajen kashi biyu cikin uku na mansa a matsayin zafi, ta salansa da lagireto, shi kuwa na lantarki kusan duk abin da ya ja yana kai shi ga taya. Saboda haka lita 15 ɗin nan takan yi aikin lita 45 zuwa 50, motar ta ci kilomita 515 idan ba kaya kuma ba gudu. Amma babban tankin F-150 mai fetur yana cin lita 136. Ka ga tun daga gida, ɗaya ta fito da guzuri mai yawa, ɗaya da ɗan kaɗan da take tattalinsa.

Yanzu ka maƙala tirela. Nauyinta yana da tasiri, amma iska ta fi shi cin wuta. Tirela mai faɗin fuska tamkar bango ce kake turawa cikin iska, kuma tirjiyar iska tana ninkuwa huɗu duk lokacin da ka ninka gudu biyu. Mujallar motoci ta Car and Driver ta taɓa gwada wannan: ta ɗaura wa a-kori-kura uku masu batir tirelar kwana mai nauyin kilo 2,770, aka yi gudun kilomita 113 a awa. Lightning ta ci kilomita kusan 160, Rivian R1T ta ɗan ɗara ta, Hummer mai ƙaton batir ta kai wajen 225. Wato kashi biyu cikin uku na nisan ya tafi. Motarka ta fetur ma tana ƙara shan mai sosai in ta ja kaya, ka fi ni sani, sai dai kai minti biyar kake yi a gidan mai ka wuce.

Ka kwatanta tafiyarka ta kilomita 300. Ka fito da caji cike, kafin ka kai kilomita 140 allo ya fara yi maka gargaɗi. Ka ratse wurin caji, ka tarar an gina shi kamar wurin ajiye ƙananan motoci, kowa ya sa kai ko ya shiga da baya. Da tirela ba ka da wurin shiga sai ka tare hanya. Dole ka nemi fili, ka sa wa tayoyin tirelar waigi, ka kwance sarƙa da wayar fitila, ka sauke ta, sannan ka je ka jona. Daga kashi 15 zuwa 80 cikin ɗari Lightning tana cin minti arba'in da wani abu, kuma kashi 80 ɗin nan da tirela ba zai kai ka kilomita 130 ba. Ka sake ɗaurawa, ka kama hanya, dole ka ƙara tsayawa kafin ka isa. Zuwa da dawowa an ci maka awa biyu zuwa uku, ga mai gida yana jiranka da rufin da ke yoyo. Wannan shi ne abin da ke min ciwo a tallan motocin nan: an riƙa nuna su suna jan manyan kaya, kuma da gaske suna ja, amma ba a faɗa wa mai sana'a zangon da za su kai ba.

Kamfanin GM ya ce to a ƙara batir. A-kori-kurarsa Silverado EV mafi girman batir, mai sama da kilowat-awa 200, tana kai kilomita 790 ba kaya, kuma ita ce ta fi dacewa da mai jan tirela a cikinsu duka. Sai dai batir nauyi ne da kuɗi. Na Hummer shi kaɗai ya kai kilo 1,300, nauyin Corolla guda ke nan, motar kuma gaba ɗaya ta haura tan huɗu. Duk kilon da batir ya ci an rage shi ne daga kayan da za ka loda, taya kuma tana saurin cinyewa. Sanyi mai tsanani ma yana rage nisa, ko da yake a Texas wannan ba zai dame ka kullum ba.

Kada wannan ya sa ka ɗauka motocin ba su da kirki. A aikinka na kullum cikin gari, ina ganin sun fi ta fetur nesa ba kusa ba. Lightning mai babban batir tana da ƙarfin doki 580, kuma ƙarfin yana zuwa ne nan take da ka taɓa totur, ba jiran giya, ba ƙara, ba girgiza. Batirin yana shimfiɗe a ƙasa, shi ya sa take zama daram a kwana ko da bayanta ba kaya. In ka ɗaga ƙafa, injin da kansa yake rage gudu yana mayar da wuta cikin batir, birki ya daɗe bai cinye ba. Ba juyen baƙin mai, ba filogi, ba salansa. Idan kana da gareji da za ka jona ta da dare, ka wayi gari kullum da caji cike, kuɗin wutar gida ya fi na fetur sauƙi ƙwarai. Amma ka lura, cajin gaggawa na kan hanya yana da tsada, wani lokaci ya kamo kuɗin fetur, don haka wanda ba shi da wurin caji a gida ya rasa babbar ribar.

Abin da na fi so a jikinta, kuma na san zai burge mai irin sana'arka, abu biyu ne. Ka buɗe bonet, maimakon inji sai ka ga akwati mai cin lita 400, mai kulle, ruwa ba ya shiga. Nan za ka zuba na'urar huda bango da ƙananan kayan da ɓarayi ke ɗauka a buɗaɗɗen baya. Sannan akwai soket-soket a gaba da baya da ke ba da wuta har kilowat 9.6. Ka isa gidan da aka yanke wa wuta, ka jona zarto da injin iska da fitilu a jikin motar, ka wuni kana aiki ba hayaƙin janareto. Ford ya ce za ta iya riƙe gida kwana uku idan wuta ta ɗauke, kuma wannan alkawarin an cika shi, sai dai sai ka sayi wasu na'urori an haɗa maka a gidan, da kuɗinsu daban.

Dubi kuma inda kamfanonin suka dosa yanzu. Ford da Ram duka sun ce za su koma ga mota mai tafiya da lantarki amma da ƙaramin injin fetur a ciki wanda aikinsa kawai caja batir, wato janareto a cikin mota. BYD na ƙasar Sin ya fitar da Shark mai haɗa batir da fetur a 2024, ta kuma samu karɓuwa a Ostareliya. Wannan ya nuna maka cewa su da kansu sun yarda batir kaɗai bai kai ga ɗaukar doguwar tafiya da kaya ba tukuna.

Shawarata gare ka: in da aikinka duka a cikin gari ne, da na ce ka saya ba tare da shakka ba, musamman ta hannu, domin farashinsu yana faɗuwa da sauri, asarar mai saye na farko ta zama ribar na biyu. Ka duba sauran garantin batir, wanda yawanci shekara takwas ne ko mil 100,000. Amma da tafiyar nan ta tirela sau biyu ko uku a wata, ko dai ka riƙe tsohuwar don ita, ko ka nemi F-150 mai haɗin fetur da batir, wadda ita ma tana ba da wuta har kilowat 7.2 a baya, ko ka duba Silverado mai babban batir in aljihu zai ɗauka.

Batun Yaya kuwa, ka ba shi haƙuri. Cika batirin Lightning da janareto mai kilowat 3 zai ci fiye da awa 40. Da hasken rana kuma, sai ya tanadi faranti kusan 50 masu wat 500 su wuni suna aiki. Ko ya shawo kan wannan, ranar da na'urar sarrafa batir ta samu matsala ba zai samu kayanta a Ƙofar Ruwa ba, kuma batir mai ƙarfin bolt 400 ba abin da bakanike zai sa wa hannu ba ne ba tare da horo ba, yana iya kisa. Hatta Toyota da ya nuna Hilux mai lantarki a ƙarshen 2025, ɗan batir mai kilowat-awa 59 ya sa mata, nisanta wajen kilomita 240, wato da ƙyar ta kai Kaduna daga Kano ba kaya. Kuɗin da za ka kashe wajen turo masa ita ya isa ya haɗa masa sola mai kyau a gida, ya kuma gyara motar da yake hawa.

Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka yi hayar irin wadda kake so na kwana biyu, ka ɗaura tirelarka da kayan da ka saba lodawa, ka bi hanyar nan taka ta kilomita 300. Ka rubuta cajin da ka tashi da shi, inda ka tsaya, da mintin da kowace tsayawa ta ci. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.