Filastar banɗaki kafin a manna tayil

Malam, ka tambaya ko a goge filastar banɗaki ta yi sumul kafin a sa tayil. A'a, kada a goge. Bango mai santsi ba ya riƙe tayil, shi ya sa ake jin wasu suna ƙarar holoƙo idan an ƙwanƙwasa, daga baya su ɓanɓaro.

Kafin komai, mai gyaran famfo ya gama binne bututu, a saki ruwa ya kwana a ciki, a tabbatar babu yoyo. Sannan a kankare busasshen simintin da ke jikin bulo, a share ƙura, a jiƙa bangon. Busasshen bulo yana zuƙe ruwan kwaɓin, filastar ta yi rauni.

Kwaɓi kuwa, kwano ɗaya na siminti, huɗu na yashi tankaɗaɗɗe marar laka. A zuba maganin hana ruwa shiga bango gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa. Kaurin filastar ya tsaya tsakanin milimita 12 zuwa 15. Inda bango ya lotsa sosai a yi shafi biyu, don mai kauri a lokaci ɗaya yana zubowa ko ya tsage. Magini ya ɗora miƙaƙƙen katako a tsaye da a kwance, musamman a kusurwa, domin tayil ba ya ɓoye karkata.

Da filastar ta fara kamawa, a karce fuskarta da ƙusa. A riƙa yayyafa ruwa safe da yamma kwana 7, a ƙara kula lokacin hunturu da iska ke busar da ita da wuri. Bayan nan a bar ta aƙalla mako biyu, don siminti yana tsukewa yayin bushewa.