'Yar magenmu ta faɗo daga bene, maigida ya ce a bayar da ita

Assalamu alaikum Anti, ya zafi? Ni matar aure ce, muna haya a saman bene a Gyaɗi-Gyaɗi. Ƙanwata ce ta kawo wa ɗiyata 'yar mage, yanzu watanta huɗu, sun shaƙu har yarinyar ba ta cin abinci sai tana gefenta.

Shekaranjiya da la'asar ta hango ƙadangare a jikin bango, ta sulale ta tsakanin ƙarfen taga, sai ji muka yi tim a tsakar gidan mutanen ƙasa. Ta tashi da ƙafarta, amma tun ranar tana ɗingishi, ta shige ƙarƙashin gado, abinci ma sai ta shinshina ta bari. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa mata rabin Panadol, ban dai ba ta ba tukuna. Na rufe tagogi duka, maigida ya ce shi ba zai kwana cikin tanda saboda mage ba, ga shi ba wuta. Ya ce ko in kulle ta a sito ko in bayar. Hajiyarsa kuma ta ce ina wahalar da kaina ne, faɗuwa ba ta kashe mage. Anti, ya zan yi?

'Yarki daga Gyaɗi-Gyaɗi

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai, mayar da Panadol ɗin nan inda kika ɗauko shi. Farasitamol, maganin da ke cikin Panadol, guba ne ga mage. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, sai ya ɓata mata jini ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya yi duhu, fuska ta kumbura. Ƙwaya ɗaya tana kashe babbar mage, balle 'yar wata huɗu. Maƙwabciyarki taimako ta nufa, ki yi mata godiya, amma kada ki bi.

Yau ɗin nan ki sa ta a kwali mai huji, ki shimfiɗa mata tsumma, ki kai ta asibitin dabbobi. Mage tana ɓoye ciwo, shigewa ƙarƙashin gado da ƙin abinci su ne ƙorafinta. In kika ga tana haki, ko tana numfashi baki buɗe, ko jini a hanci, ko ba ta fitsari, kada ki jira maigida ya dawo daga kasuwa, ki tari a-daidaita.

Maganar Hajiya tana da tushe. Tun mage tana 'yar sati 3 zuwa 4 take fara iya juya jikinta a iska, zuwa sati 7 ta ƙware, shi ya sa take dira da ƙafa. Sai dai dira da ƙafa ba shi ne dira lafiya ba: ƙafa ta taɓa ƙasa, ƙirji da haɓa su biyo baya su bugi siminti. A 1987 wasu likitocin dabbobi a birnin Niyok na Amurka sun duba maguna 132 da suka faɗo daga benaye. Kusan tara cikin goma sun ji ciwo a ƙirji, kuma tara cikin goman waɗanda aka yi wa magani sun rayu. Ki lura, waɗanda aka yi wa magani na ce. Ba sai kin kai wa Hajiya wannan lissafin ba, ki ce mata to, ki ɗauki kwalinki.

Shi kuwa maigida, ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya kwana a saman bene a Kano cikin watan Afirilu, zafi ya kai digiri 40 da rana, bango yana turiri har tsakar dare, ya san rufe taga azaba ce. Kin sa shi zaɓi tsakanin barcinsa da magen 'yarsa, alhali gyaran a jikin tagar yake. Ƙarfen nan don ɓarawo aka yi shi. Duk inda kan mage ya shiga, jikinta zai bi. Ragar sauro ta roba kuwa, farce ɗaya ya isa ya yaga ta.

Ki kira kafinta ko mai haɗa tagar alminiyom ya auna, a sayo ragar waya mai ƙananan ido, ana samu a kasuwar Ƙofar Ruwa. A kafe ta a firam da kusa ko noti ta kowane gefe, kada a maƙala da gam ko a ɗaure da igiya. In ya gama ki danna da tafin hannunki da ƙarfi, musamman kusurwar ƙasa, don nan take turawa da kai. In kuɗi bai kai ba, a fara da tagar ɗakin kwana da ta falo. Kada a manta da ta banɗaki da baranda. Ki kuma janye kujera ko durowar da take takawa ta hau. Da kin gaya wa maigida ragar za ta rage sauro, ina jin da kansa zai nemo kafintan.

Sito dai a'a. Kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ke za ki ciyar da ita, na sani, amma sito marar iska a wannan bazara kansa haɗari ne, ga maganin ɓera da na sauro da muke ajiyewa a ciki. Kafin a sa raga, ki ware mata ɗaki ɗaya mai rufaffiyar taga, wanda rana ba ta dukansa, da ruwan sha da kwanon yashi na yin bayan gida, ku kuma ku buɗe naku ku sha iska. Ki ɗora wa ɗiyarki aikin rufe ƙofar ɗakin, yara suna riƙe irin wannan amanar fiye da yadda muke zato. In kin dawo daga asibiti ki rubuto min abin da likita ya ce game da ƙafar.

Antinki