Tsohuwar hular matan Kwaka ta fara tsagewa, in wanke ta?

Tambaya: Malama, ina koyon adana kayan tarihi a wani ƙaramin gidan tarihi a jihar Pennsylvania ta Amurka. An danƙa mini tsohuwar hular matan ɗarikar Kwaka (wata ɗarikar Kirista da aka sani da sutura marar ado), ta siliki ruwan toka. Ta yi ƙura, bakinta ya fara tsagewa. Wani ya ce in jiƙa ta da ruwan sanyi da sabulu. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: 'Yar'uwa, don Allah kada ruwa ya taɓa hular nan, ko ɗigo. Na gaji da masu wannan shawara. Suna ganin Kwaka sun guji ado, sai su ɗauka kayansu na ƙarfi ne masu jure wanki. Ado suka bari, amma masu hali cikinsu siliki mai tsada suke saye.

Leƙa ƙarƙashin silikin. Bakin nan da ya miƙe ya rufe gefen fuska, kwali ne ko yadi da aka ƙafe da sitati ko gam. Ruwa na shiga sitatin ya narke, kwalin ya lanƙwashe, dattin ciki ya fito ya yi wa silikin zobe ruwan ƙasa wanda ba ya fita. Kalmasar nan ta ƙeya, da aka jera da allura ɗaya bayan ɗaya, za ta saki. Mai cewa "ai sai a goge" ya fi kowa ɓarna, don zafin dutsen guga ƙarasa tsohon siliki yake yi. In kuma hular ta ƙarshen ƙarni na 19 ce, mai yiwuwa an ƙara wa silikin nauyi da sinadarin gishirin kuza, irin wannan silikin da kansa yake farfashewa. Abin da ya lalace a tsohuwar hula irin wannan ba shi da madadi.

Ƙurar kuwa, ki ɗaga ta da burushi mai laushi zuwa bakin injin zuƙar ƙura da aka rage wa ƙarfi, aka rufe bakinsa da raga. Wurin da ya tsage ki ƙyale shi, ba salatif, ba ɗinki, sai ƙwararre ya gani. Ki tallafo ta da hannu biyu daga ƙasa, ban da ɗagawa ta igiya. Ki cusa mata takarda marar asid ta riƙe siffarta, ki sa a akwati cikin duhu, laimar ɗakin tana wajen kashi 50.